Mu Biyar, Fasfo Bakwai

Akwai wata 'yar baƙar jaka mai zif da ba ta barin wuyana in muna hanya. A hutun makaranta na watan Agustan 2025, ranar da muka tashi daga Manchesta, fasfo shida ne a cikinta, alhali mu huɗu ne. Nawa kore ne, na Najeriya. Na uwargida na Faransa ne, ja mai duhu kamar zoɓo. Yaran biyu kowanne yana da bibbiyu, na Birtaniya da na Najeriya. Da muka biya Beljiyam muka ɗauki surukata, Hajiya, da nata na Nijar, sai muka koma mu biyar da fasfo bakwai na ƙasashe huɗu. A gida tukunya ɗaya muke ci, kuma ko faɗa ya tashi da Hausa ake yinsa. Amma da zarar mun fito daga jirgi mun shiga dogon falon nan mai alluna a rataye, sai kowa ya ɗaga kai yana neman inda aka ajiye shi.

Ni Bakano ne. Karatu ya kai ni Ingila, aiki ya riƙe ni. Na samu izinin zaman dindindin tun kafin a haifi babbar 'yarmu, shi ya sa yaran suka tashi da fasfon ƙasar. Ni kuwa har yau ban nemi zama ɗan ƙasa ba. In aka tambaye ni dalili nakan ce kishin gida ne. Uwargida takan ce kuɗin ne, don ya haura fam 1,500, ban da na bikin rantsuwa. Kowa a cikinmu yana da tasa gaskiyar. Ita a Damagaram aka haife ta, kawunta ya tafi da ita Faransa tana 'yar shekara tara, can ta yi karatu har ta samu takardar ƙasa. Fasfonta na Nijar ya daɗe da mutuwa, yana nan cikin akwatin da take ajiyar zannuwan lefe. Kowace shekara ita ce shekarar da za a sabunta shi.

Muna da doka guda a gidanmu game da filin jirgi: ba a rabuwa a layi. Ba daga littafi na samo ta ba, shan wuya ce ta koya mini. A 2022 muna dawowa daga wani ɗan hutu, auta yana shekara uku, ya yi kuka har ya gaji ya yi barci a kafaɗar uwarsa. Na hango layina ya yi lanƙwasa biyar, nasu kuwa bai fi mutum goma ba. Sai na ga bari in yi abin kirki. Na zaro fasfo uku na miƙa mata, na ce, "Ku bi ta can ku huta, mu haɗu wajen kaya." Ambulan ɗin takardun haihuwa kuwa na bar shi a jakata.

Ga inda gizo ke saƙa. Mu Hausawa ba mu da sunan dangi irin na Turawa wanda ake gada tun kaka da kakanni. Sunana na biyu sunan mahaifina ne. Sunan yarana na biyu sunana ne na yanka. Uwargida tana amsa sunan nata mahaifin, kuma da rubutun Faransanci, irin wanda ke mayar da Usman ya koma Ousmane, Abubakar ya koma Aboubacar. Wato mutum huɗu, sunan ƙarshe iri uku. Jami'in da ke kan tebur ya ga mace da fasfon wata ƙasa, riƙe da yara biyu masu fasfon wata ƙasar daban, kuma babu sunan da ya haɗa su. A Birtaniya akwai dokar 2009 da ta ɗora wa ma'aikatan kan iyaka nauyin lura da lafiyar yara, saboda haka dole ya tambaya. Ta ce 'ya'yanta ne. Ya ce ina shaida? Ta ce tana wurin babansu. Aka ta da auta daga barci aka tambaye shi wace ce wannan, ya dubi mutumin, ya dubi uwarsa, ya fashe da sabon kuka. Ƙarshe babbar ce ta nuna ni da yatsa, aka aiko wani ya fito da ni daga tsakiyar layi, jama'a na kallona kamar wanda aka kama da kayan laifi. Mutumin aikinsa ya yi, ban ga laifinsa ba. Laifin nawa ne, kuma an tuna mini da hakan tun daga wurin ɗaukar kaya har ƙofar gida. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Saboda haka da muka sauka Buruksel, haka surukaina ke kiran birnin kuma ni ma bakina ya saba, a dunƙule muka tsaya ƙarƙashin alluna. Iri biyu ne. Ɗaya shuɗi mai da'irar taurari, na 'yan Tarayyar Turai da ƙasashen da ke haɗe da ita irin su Nowe da Suwizalan. Ɗayan kuma na kowane irin fasfo. A cikinmu mutum ɗaya ce tal allon taurari ya kira da sunanta. Yaran ma da can nasu ne, amma tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar a 31 ga Janairun 2020, wa'adin sauyi kuma ya cika a ƙarshen shekarar, fasfonsu ya koma na baƙi kamar nawa, sai dai su ba sa bukatar biza.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma sai da na nemi biza na gane, shi ne dokar Tarayyar ta 2004 kan walwalar 'yan ƙasa ba ɗan ƙasar kaɗai ta rufa ba, har da iyalinsa idan suna tare: miji ko mata, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba. Dokar kan iyakar yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, kuma ta ce duk wanda waccan doka ta rufa yana iya bin layin taurari. Ta wannan hanyar ma aka ba ni biza kyauta, alhali wani Yuro 90 zai biya. Wani abin dariya shi ne, a takarda, wannan gata ya fi ƙarfi a Beljiyam a kan Faransa, domin an yi dokar ne saboda ɗan Tarayya da ya tsallaka wata ƙasar da ba tasa ba. Da Faris muka sauka, da dokar cikin gida ta Faransa ce za ta yi magana a kaina. Wato matata ta fi iya rufa mini asiri a gidan maƙwabta fiye da gidansu.

Sanin doka daban, shiga layin daban. Ina sa ƙafa na ji kamar na shiga sahun gaba a masallacin da ba na unguwarmu ba. Babu wanda ya ce mini uffan, amma koren fasfon nan sai na ji ya yi mini nauyi a hannu, na sa shi a tsakiya, na rufe shi da na yaran sama da ƙasa. Can a ɗaya layin wani bawan Allah, da gani ɗan ƙasarmu ne, ya hango gefen koren, ya yi ta yi mini alama da hannu cewa na ɓata hanya, in dawo tun kafin a kore ni. Na ɗaga masa hannu na gode. Uwargida ta lura da abin da na yi da fasfon. Ba ta ce komai ba, ta dai karɓe su duka, ta jera, ta ɗora nawa a sama.

Jami'ar ta buɗe nata ta rufe cikin ƙiftawar ido. Da ta zo kan nawa sai ta nemi takardar aure, na zaro ta daga ambulan da saurin mai jiran a tambaye shi. Ta tambayi kwana nawa za mu yi, a ina za mu sauka, ta dubi yaran ta kira sunayensu, kowanne ya amsa. Ta buga hatimi uku, na uwargida ba a buga masa komai. Duka bai fi minti huɗu ba. Muna wucewa na waiwaya na ga mutumin nan bai ko kai lanƙwasa ta biyu ba. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, kuma ba zan ɓoye ba, ruwan ya yi daɗi, sai dai ya tsaya mini a wuya kaɗan.

Kwana biyar muka yi a gidan ƙanin uwargida. Hajiya ta zo ne aka yi mata aikin ido, ta warke sarai, har tana ganin ƙurar da surukarta ta bari a bayan talabijin. Bizarta irin ta kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, kuma ɗanta ya manna kalanda a jikin firij yana soke kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ranar tafiyarmu ita ce ta 84. Dalilin da ya sa za ta bi ta Kano kuwa ba ya rasa nasaba da siyasa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 jirgin Faransa ya daina zuwa Yamai, sojojin Faransa suka fice a ƙarshen shekarar, ofishin jakadancinsu ma ya rufe a farkon 2024. A irin wannan yanayi babu wanda ya ba uwargida shawarar ta doshi garin haihuwarta da jan fasfo. Aka yanke cewa dangi su gangaro Kano a gaisa, su koma da Hajiya ta mota, ta Daura. Tafiyar wuni guda ma ba ta kai ba.

Ranar fita sai lissafi ya canja. A yankin Shengen ana duba mutum in zai fita kamar yadda ake duba shi in zai shiga, kuma alluna biyun nan suna nan. Uwa tana shiga cikin iyalin da doka ta rufa ne kawai idan an tabbatar 'yarta ce ke ɗauke da nauyinta, mu kuma ba mu da takardar da za ta nuna haka. Sa'ar da aka yi, dokar ta bar wa mai layin taurari damar bin layin kowa da kowa in ya ga dama. Mai sama yana iya saukowa duk sa'ad da ya so, na ƙasa ne ba ya hawa sai da hujja. Saboda haka duk muka sauko.

Akwai wata hanyar da ta fi duka sauƙi. Ɗanta ya riga ya nema mata keken guragu, kuma masu tura keken suna da tasu ƙofar da ba a jira. Aka turo keken, Hajiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa za a ɗora?"

Na ce, "Ku ne, Hajiya, don ku huta da tsayuwa."

"Ido aka yi mini aiki, ɗan nan, ba ƙafa ba. Da ƙafafuna na yi ɗawafi."

Aka mayar da keke. Muka yi minti arba'in a tsaye. Ba zan ce na ji haushi ba, domin layin kowa da kowa yana da nasa daɗin. A layin taurari kowa shiru, ido a kan waya. A nan kuwa kafin mu kai gaba Hajiya ta ƙulla zumunci da wata mata 'yar Kwango da hannu da ka, ta ba jaririn wata Bagine dabino ya tsotsa, ta kuma yi wa auta tsiya iya son ranta. "Angona, kai da ka ce za ka saya mini labiyo, ga ni a tsaye kamar mai jiran awo." Da aka zo kanta jami'in ya juya shafi yana neman hatimin shigarta, ya ƙirga a kwamfuta, ita kuma tana yi masa bayani da Hausa tiryan-tiryan cewa ba ta ci musu kwana ko ɗaya ba, ga shida ma ta bar musu. Uwargida ta fara fassarawa, ya ɗaga hannu yana murmushi alamar ya gane. Hatimin nan na hannu ma kwanansa ya ƙare, domin daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara maye gurbinsa da na'urar ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu. Mu muna cikin na ƙarshe-ƙarshen da aka buga wa tawada.

Adis Ababa ba a tambaye mu komai ba, tunda masu wucewa ne. Ƙofar jirgin Kano kuwa tun daga can ta zama Kano: 'yan kasuwa masu dawowa daga Sin da manyan jakunkuna, ana ta lissafin kuɗin awon kaya da ƙarfi, wani yana neman wanda zai riƙe masa kwali ɗaya. A duk tafiyar, nan ne kaɗai wurin da babu allon da ya raba mu.

Muna cikin jirgi na yi aikin da na saba. Na zaro fasfon Birtaniya na yaran na tura can ƙasan jaka, na fito da korayen. Ƙa'idar mai fasfo biyu ke nan: kowace ƙasa ka shige ta da nata. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma ba a hana shi riƙe wata ƙasar. Babbar tana kallona. Shekararta goma sha ɗaya, shekarun da ba a barin komai ya wuce.

"Abba, yau mu 'yan ina ne?"

Na ce 'yan Najeriya.

"Shekaranjiya fa?"

Na ce shekaranjiya ma haka, takardar ce kawai ta bambanta. Ta ce to me ya sa Mama ba ta da kore, alhali ta fi ni iya Hausa? Wannan magana ta biyu ban san inda ta samo ta ba, ko da yake ina da wanda nake zargi.

Gaskiya tun daga Manchesta nake jiran saukar Kano. Shekara da shekaru ina bin bayan matar nan a filayen jirgin Turawa, yau ga ranar da za ta shiga inuwata. Har na tanadi abin da zan faɗa. Muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano da rana, an ɗauke ruwa ke nan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya biyo mu har cikin gini. Ma'aikatan lafiya suka fara duba katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, kowa ya nuna nasa. Sai ga alluna: 'yan Najeriya da 'yan ECOWAS gefe guda, sauran ƙasashe ɗaya gefen.

Na dubi gefenmu, na dubi nata. Kusan duk jirgin gefenmu ya nufa. Nata kuwa wasu 'yan Sin ne da Indiyawa, sai wani Bature guda da jakar goyo. Ko ashirin ba su kai ba. Jawabin da na tanada ya maƙale.

Na ce to, doka doka ce, ba a rabuwa, mu bi ta wajen uwargida duka, tunda nan ma ga alama ya fi sauri. Hajiya ta tsaya cak.

"Can ɗin na su wa ne?"

"Na baƙi ne, Hajiya."

"To ni ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun ba a haifi uwar yaran nan ba nake sarin atamfa a Kwari."

A nan doka tana bayanta, ko da yake da ƙyar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, suka kuma fito da sabon fasfo na ƙawancensu na Sahel. Amma ƙungiyar ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta a hannun 'yan ƙasashen uku, a kuma bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an ji sabon bayani. Na Hajiya tsohon ne, tambarin Sediyawo, kamar yadda suke kiranta, yana nan a bangonsa. Na fara yi mata wannan bayani, ta katse ni. A wurinta maganar ba ta kai nan ba. Iyakar da Ingilishi da Faransawa suka ja a kan takarda suna daga Turai, suka yi ta gyara ta har 1906, ba ita za ta gaya mata inda take baƙuwa ba.

Uwargida kuwa baƙuwa ce cikakkiya, da bizarta da ta nema ta intanet a sabon tsarin da aka fara a watan Mayun shekarar, an bugo ta a takarda. Akwai hanyar da za ta huta da wannan. Sashe na 26 na tsarin mulki ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, gatan da bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya ba, kuma ni dai ban ga adalci a wannan bambanci ba. Akwai kuma izinin zama na musamman ga irin waɗannan mata, wanda a bakin ma'aikata ake kira Niger wife. Ranar da ta fara jin sunan ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ce ma ta asali, tunda ta haɗa duka biyun. Amma cike takardun ya bi sahun sabunta fasfon Nijar.

Muka tsaya cirko-cirko a tsakiyar hanya, mutane na ratsa mu da kaya. Ba zan bar tsohuwa ita kaɗai ba. Yaran korayen fasfo ne a hannunsu. Uwargida ce ta yanke. Ta miƙo hannu, na zaro jan na ba ta.

"Abban yara, riƙe ambulan ɗinka da kyau," in ji ta. "Mu haɗu wajen kaya."

Kalmomina ne na 2022, ba ta canja ko ɗaya ba.

Daga inda nake ina hango ta. Na ga jami'in ya karɓi fasfon, ya yi mata magana, ta amsa, sai ya ɗago kai da sauri. Ya sake duba shafin, ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka kwashe da dariya su uku. A mota ta ba mu labari. Da Turanci ya tambaye ta abin da ya kawo ta Najeriya, ita kuma ta ce masa, "Gidan miji na zo, ranka ya daɗe." Ya duba wurin haihuwa ya ga Zinder. Ya ce, "Ikon Allah! Hajiya, ke ce Bafaransar? Ashe Badamagariya ce ta sha sanyi." Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, kuma har yau ba a gama ramuwar yaƙin da Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kawo wa Kano a zamanin Sarki Alu ba, sai dai yanzu da baki ake yi. Ya ce da can da dawaki suke zuwa, yanzu sun koma zuwa da biza. Ta ce ai ba ta zo da yaƙi ba, ta riga ta kama Bakano ɗaya tana riƙe da shi, ga shi can a layi yana zufa. Duk da wasan bai sassauta aikinsa ba: ya nemi takardar bizar, ya tambayi adireshin masauki da lambar wayar mai gida, ya ɗauki hotonta, sannan ya rubuta mata kwanakinta.

Minti goma sha biyar ta gama. Mu 'yan gida muka kwashe fiye da awa. Kafin mu fito ta tattara akwatunanmu tara ta jera a kan amalanke biyu, ta zauna a kan babban tana fifita da jan fasfonta.

Da aka zo kan Hajiya, jami'in ya juya fasfon ya dubi bangon, ya buɗe.

"Mama, sannu da zuwa. Kwana nawa za ku yi mana?"

"A Kano? Sai na gaji."

Na sunkuya na ce mako biyu ne, ga adireshi. Ya buga hatimi ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ba tare da ta duba ba, ta cusa a lalitarta tare da goro.

Makonni uku muka yi. Dangi suka zo daga Damagaram mota biyu, aka ci, aka yi hira har asuba, aka yi kuka ranar rabuwa, Hajiya ta tafi da atamfofinta. Ranar komawa jakar wuyana ta dawo fasfo shida. A teburin kamfanin jirgi na nuna na Birtaniya na yaran don a ga suna da izinin shiga inda za su, a teburin shige da fice na nuna korayen don a ga da su suka shigo. Ni kuma katin zamana na roba ya daina aiki tun ƙarshen 2024, izinin ya koma cikin intanet, sai da na buɗe waya na nuna.

Mun sauka Manchesta da sassafe, ana yayyafi. A can akwai ƙofofin gilashi masu na'ura: ka ɗora fasfo, ka dubi kyamara, ƙofa ta buɗe, ba ka yi magana da kowa ba. 'Yan Birtaniya da 'yan Tarayyar Turai suna bi, tun 2019 kuma aka ƙara da Amurka, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Japan, Singafo da Koriya ta Kudu. Najeriya ba ta ciki, ko shekara nawa ka yi a ƙasar. Yaro kuma a lokacin sai ya kai shekara 10, bayan an rage daga 12 a 2023. Babbar ta daɗe da sanin wannan lissafi, kuma ba ta taɓa bi ba saboda dokar gidanmu.

"Abba, don Allah. Sau ɗaya kawai."

Na dubi uwarta. Ta ɗaga kafaɗa, wato dokar ai ta riga ta karye a Kano. Na zaro takardar haihuwar babbar na ba su, na riƙe ta auta. Wata ma'aikaciya ta dubi fasfo biyun da ke hannuna, shuɗi da kore, ta dubi yaron, ta nuna mana layin masu ƙananan yara, inda mutum ne ke dubawa.

Daga nan muna ganinsu. Yarinyar ta ɗora fasfo, ta cire gilashin idonta, ta tsaya ƙiƙam kamar soja. Ƙofa ta buɗe. Ta fita ta juyo tana tsalle tana ɗaga mana hannu biyu. Auta ya ja rigata.

"Abba, ni yaushe zan bi ta can?"

Na ce sai ya shekara goma. Ya buɗe yatsunsa ya ƙirga daga shida, ya samu huɗu. Ya yi shiru yana kallon ƙofofin suna buɗewa suna rufewa. Layi ya matsa, muka matsa. Sai ya sake ɗago kai.

"Kai kuma saura shekara nawa?"